Zoben Azurfa a Hannun Dama

"Cire shi in gani."

Tagwa ta ja hannunta ta cusa ƙarƙashin mayafi, amma ta makara. Suna tsaye ne a bakin shagon mai ruwan rake a unguwar Abbasiya ta Alƙahira, bayan la'asar, motoci na ta danna hon kamar biyansu ake, kofinta cike ko kurɓa ba ta yi ba.

"Zobe ne kawai, habibi..."

"Shekarata takwas a Masar, Tagwa. Na san zoben kwalliya, na san dibla. Zobe marar dutse a hannun dama, baiko ne. Samah ta ce min in duba hannunki yau, na ce mata ta ji tsoron Allah. Cire."

Samah! Ƙawarta ta ɗaki, wadda tun ran da Hadi ya fara rako Tagwa gida take leƙensa ta taga.

A lissafin Tagwa, ina mutumin Zariya ya san zancen zobe? Su can goro suke rabawa da alewa, shi ke nan an yi baiko. A nan ta yi kuskure. Hadi ya gama karatun addini tuni, yanzu tafinta ne a kasuwar Ataba, yana raka 'yan kasuwar Najeriya sayen kaya, shagunan masu zinariya kuwa ya shiga sun fi a ƙirga.

Ta zare zoben ta miƙa masa. Da zare a nannaɗe a gindinsa, don ya yi mata yawa. Ya karkata shi wajen haske. Al'adar garin ce a zana sunan masoyi a cikin dibla.

"Munzir," ya karanta a hankali. "Ɗan gwaggonki. Wanda kika ce min yayanki ne ciki ɗaya a wurinki."

"Wallahi haka yake har gobe."

"To mene ne wannan?"

Ta kawar da kai.

"Ki faɗa min ko me ne ne, zan yarda. Ko ƙarya ce ki yi min, mai daɗi, in tafi da ita gida."

"Ba zan iya ba, Hadi..."

Ya ajiye zoben a kan teburin mai rake, ya biya kofi biyu, ya tsallaka titi ba tare da ya duba mota ba. Wani direban bas ya leƙo ya zazzage masa zagi, ko waiwaye bai yi ba.

*

Abin ya faro ne kwana tara kafin nan, da wayar da Munzir ya buga mata da hantsi.

"Tagwa, ki zo Dokki yanzu. Na yi ɓarna."

Hausawan Sudan ne su duka, mutanen garin Madani, yaƙi ya watso su Alƙahira. Iyayen Tagwa sun rasu tun tana ƙarama, a hannun Gwaggo Fatna ta tashi, uwar Munzir, kwano ɗaya suke ci. Yanzu Gwaggo tana Aswan wurin babbar 'yarta Mariam, Tagwa na zanen lalle a gidajen biki, Munzir kuma yana amsa waya a wani kamfani. Gida yake haya a unguwar Dokki, a hawa na biyar, shi da Isam, mai gyaran gashi. A wurin bawwab, wato mai gadin bene, su 'yan'uwa ne. A wurin Allah da Tagwa da wata mage mai suna Hanim, shekararsu shida tare, kuma faɗansu na miji da mata ne har da yaji: Isam ya taɓa yin fushi ya koma baranda da matashinsa kwana biyu.

Masu harka ke nan, kamar yadda suke kiran kansu. Suna da ƙungiya a waya mai suna "Kwamitin Ƙwallon Ƙafa", mutum goma sha tara, babu ko ɗaya da ya san mutum nawa ke shiga fili. Kowa a ciki tsohon saurayin wani ne, kowa ya rantse ba ya magana da wani, ranar Juma'a kuma duk su hallara a ci bamiya, miyar kuɓewa. Rabinsu suna zuwa wurin ɗaga ƙarfe, su yi minti goma suna ɗagawa, minti hamsin suna ɗaukar hoto.

Tagwa ta tarar da Munzir zaune a ƙasa riƙe da kai, Isam na yi masa fifita da mujalla, yana yi yana harararsa.

"Faɗa mata da bakinka, ango."

"Yumma ce ta bugo," in ji Munzir, haka yake kiran uwarsa. "Wai ta samo min yarinya a Aswan, za ta taho da ita a jirgin ƙasa. Sai bakina ya kuɓuce... na ce ai na riga na yi baiko."

"Da wa?"

Su biyun suka zuba mata ido. Har magen ma.

"A'a," in ji Tagwa. "La'. Abadan."

"Kwana uku kawai za ta yi, ya ukhti. Ta ganki, ta yi murna, ta koma. Bayan wata biyu mu ce jininmu bai haɗu ba."

"Hadi fa?"

Munzir ya rarrafo ya kama gefen mayafinta. Wasa ya ɗauke daga fuskarsa.

"Ki rantse min ba za ki faɗa masa dalili ba. Malami ne, Tagwa. Ya faɗa wa mutum ɗaya, mutum ɗaya ya faɗa wa bawwab... kin san abin da ya sami Jamal. Wata shida a tsare, aka ɗora shi a mota aka mayar da shi kan iyaka. Ni in aka mayar da ni, ina za ni?"

Ta san Jamal. Ita ta kai masa abinci sau biyu.

Ta rantse.

Daga nan gida ya kacame da aiki. Aka raba gadon nan babba, aka mayar da shi biyu, aka jibga durowa a tsakani. Aka sauke labulen leshi. Kwalaben man shafawar Isam guda arba'in da ɗaya aka zuba a kwali, aka rubuta "Kayan Tagwa" a jiki.

"Wannan na ƙarƙashin ido ne, daga Dubai," in ji Isam, yana rungume da wata 'yar kwalba. "In kika taɓa shi, sai dai a yi bikinki da jana'izarki rana ɗaya."

Don gidan ya yi kama da na gwauraye, ya sauka ya sayo tutar Ahli da gyalen Zamalek, ya rataye su gefe da gefe a falo, bai san ƙungiyoyin ƙwallo ne masu gaba da juna ba. Bawwab ya hawo da tukunyar gas, ya tsaya ya daɗe yana kallon bangon.

"Ya ustaz, wanne kuke goyon baya a ciki?"

"Duka," in ji Isam da wata murya mai kauri da ya aro. "Mu ba ma son rigima."

Bawwab ya sauka yana girgiza kai.

Saura zobe. Gwaggo ba za ta yarda da baikon da babu dibla ba. Munzir ya dubi Isam, Isam ya dubi sama.

"Kada ma ka fara."

"Hayati..."

"Kada ka ce min hayati a gaban amaryarka."

Suna da zobba biyu na azurfa da suka yi wa juna a shekararsu ta biyu. Ba sa fita da su. In sun shigo sun kulle ƙofa sai kowa ya sa nasa, da safe a mayar cikin gwangwanin shayi. Na Isam ne ke ɗauke da sunan Munzir. Ya ciro shi, ya sumbata, ya nannaɗa masa zare da hannunsa, ya zura wa Tagwa a yatsa kamar mai ba da ƙodarsa.

"Ba a wanke-wanke da shi. Ba a cire shi a bar shi a jaka, garin nan ɓarayi ne. In ya ɓata, ki bi shi."

*

Gwaggo Fatna ta sauka da akwati uku da buhun garin asida, tuwon Sudan. Tana ganin hannun Tagwa ta saki guɗa tun daga matakala, sai da maƙwabta suka buɗe ƙofofi.

"'Yata ta zama surukata. Alhamdu lillahi, tuwona bai fita waje ba... Amma kai Munzir, azurfa? Mace da azurfa?"

"Na wucin gadi ne, Yumma."

"Rowa dai irin ta ubanka."

Kwana uku suka wuce, Gwaggo ba ta ko taɓa akwati ba. Ta ci mulukiyar Isam, wato miyar lalo, ta ce tun da uwarta ta rasu ba ta ci irinta ba. Ya gyara mata gashi, ya rina mata furfura, suka zauna kallon fim ɗin Turkiyya suna kuka a wuri ɗaya.

"Yaron nan, wace marar rabo ce ta bar ka har yanzu ba aure?"

"Ina da wanda... wadda nake so, Hajja. Sai dai an yi mata baiko da wani."

"Allah ya isar maka."

"Amin, Hajja," in ji Isam, yana kallon Munzir.

Rana ta shida aka yi shayin baiko, aka kira maƙwabta, har da Samah. A nan Gwaggo ta tashi tsaye ta ce ita ba za ta koma Aswan ba sai ta ga an ɗaura. Juma'a ta sama. Ta riga ta yi magana da ma'azun, mai ɗaura aure.

Munzir ya shaƙe da shayi. Isam ya shiga kicin ya fasa faranti, ya ce santsi ne.

*

Daga shagon mai rake Tagwa ta wuce Dokki kai tsaye. Gwaggo ta fita wurin tela. Tagwa ta zauna a kan tukunyar gas a kicin ta yi kukan da ta riƙe tun daga jirgin metro.

"Ya tafi, Isam. Ya ce ko ƙarya in yi masa... na kasa."

Isam ya durƙusa ya goge mata fuska da gefen rigarsa.

"Yi shiru, ƙawata, kwallinki na zuba, kuma mai arha ne." Ya juya wajen Munzir da ke tsaye a bakin ƙofa. "Ka gani ko? Ka ga aikinka?"

"Me kake so in yi?"

"Ka sake ta daga rantsuwar."

"In ya kai mu fa?"

"To a ɗaura ranar Juma'a. Ni zan yi wa amarya kwalliya, in yi wa ango aski, in hau baranda in faɗo."

"Hawa na biyar ne, kuma kana tsoron tsani."

"Zan rufe ido."

Tagwa ta yi dariya cikin kuka, sannan ta share hanci.

"Ku bari. Na rantse, kuma ko ya sake ni ba zan faɗa ba. Ban san me Hadi zai yi ba, wallahi ban sani ba. Ina son sa kamar raina, amma ba zan gwada shi da wuyanku ba."

Munzir ya bar bakin ƙofar. Ya koma falo ya zauna ƙarƙashin tutocin nan biyu har aka kira magariba.

Kwana huɗu ta yi tana buga wa Hadi waya, ba ya ɗauka. Ta aika saƙo: *Hasken idona, ka yi min haƙuri na wata ɗaya.* Ya karanta, bai amsa ba. Samah kuwa ta sayi sabon turare, ta fara tambayar wace mota ke zuwa Ataba.

*

Ranar Alhamis da hantsi, ana gobe ɗaurin aure, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Gwaggo ce ta buɗe. Tagwa na kicin tana tankaɗe, ta ji muryar da ta sa rariya ta faɗi daga hannunta.

"Salamu alaikum. Munzir nake nema."

Farar jallabiya ce a jikinsa da hula, ga gemu a gyare, ga jaka a hannu. Gwaggo ta washe baki.

"Marhaba da Shehi. Ma'azun ne ya aiko ka da takardu? Shigo, shigo. Tagwa, fito ki gaida malami, ya sa muku albarka."

Ta fito da gari har gira. Suka haɗa ido. Ya rame.

"Ga amarya, ga ango," in ji Gwaggo, ta jawo Munzir ta tsayar kusa da ita. "Yi musu addu'a, Shehi."

Hadi ya ɗaga hannu. 

"Allah ya ba kowa abin da yake so... in alheri ne."

"Amin," in ji Isam daga bayan labule, da ƙarfi fiye da kowa.

"Hajja, ina son magana da ango, mu biyu."

Suka fita baranda. Gwaggo ta shiga ɗaki neman katin shaidarta. Tagar kicin tana kallon baranda, Tagwa da Isam suka manna kunnuwa, kai bisa kai.

"Kayanta na kawo," in ji Hadi. "Turaren da ta ba ni da littafin zanenta. Amma kwana huɗu wani abu ya hana ni barci, sai na tambaye ka. Na raka mutane sayen dibla ya fi sau ɗari. Ta mace zinariya ce. Azurfa ta maza ce, tunda zinariya ta haramta gare mu. Wadda ke hannun Tagwa azurfa ce, faɗinta na yatsan namiji, an cike ta da zare, kuma ta sha hannu, ba sabuwa ba ce. Da sunanka a ciki. Wane namiji ne ya yi shekaru yana sa zobe mai sunanka?"

Isam ya damƙe hannun Tagwa har ta ji zafi.

Munzir na da hanyar fita. Yana iya cewa na ubansa ne, ko na gwanjo ne, ko maƙeri ne ya yi kuskure. Tagwa ta san shi, ƙarya ba ta yi masa wuya in ya tsorata. Ta rufe ido tana jira.

"Na Isam ne," in ji Munzir. "Wanda ya ce amin."

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Shekararmu shida. Tagwa ba ta taɓa zama komai a wurina ba sai ƙanwa. Ni na sa ta rantse, don ina tsoronka. Har yanzu ina tsoronka. Ofishin 'yan sanda yana bayan gidan mai, bawwab yana ƙasa, Yumma tana ɗaki. Ka zaɓi wanda za ka fara da shi. Amma ita kada ka bar ta saboda ni."

Isam ya toshe bakinsa da tsumman goge tukunya.

Hadi ya daɗe yana kallon titi. Mai sayar da gas ya wuce a ƙasa yana buga tukunya da ƙarfe, ya yi nisa.

"Shekara shida na yi ina karatu," ya ce daga baya. "Na san abin da littafi ya ce a kan lamarinku, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce bai ce ba. Wannan tsakaninka da Ubangijinka. Amma littafin nan dai shi ya hana ni bin diddigin mutum, ya hana ni tona wanda Allah ya rufa. Ban zo Masar don in sa a kama ɗan gudun hijira ba. Abin da ka faɗa a barandar nan ya mutu."

Munzir ya zame ya zauna a kan bokiti.

"Sai dai abu ɗaya. Ba za ka ɓuya a bayan matar da nake so ba. Ka nemi wani bangon. Yau za ka warware, a gabana."

"Yumma za ta kashe ni."

"Zan yi maka salla kyauta."

A kicin Isam ya saki tsumman.

"Ƙawata, ki aure shi yau. In ba ki so, ni ina so."

*

Gwaggo ta fito da katinta ta tarar da mutum huɗu a jere a falo kamar masu jiran hukunci.

"Yumma," in ji Munzir, "ba za a ɗaura ba. Ni na ƙirƙiri baikon don kada ki kawo min yarinyar Aswan. Tagwa tana da wanda take so. Ga shi nan. Ba ɗan aiken ma'azun ba ne."

Abin da ya biyo baya, har hawa na ɗaya an ji. Gwaggo ta cire takalmi ta bi Munzir da shi zagaye biyu na tebur. Ta ce ta gayyaci mutum sittin, ta ce an yanka rago, ta ce me za ta faɗa wa Mariam. Sannan ta juyo kan Hadi.

"Kai kuma, munafukin malami, ka tsaya ina ce maka Shehi kana amsawa? Ɗan wane ne kai? Daga ina?"

"Daga Zariya, Hajja."

"Najeriya? Kakanninmu da ƙafa suka baro can, shekara uku suna tafiya, kai kuma ka zo ka mayar min da 'ya a jirgi cikin awa shida? Ban yarda ba."

Tagwa ta durƙusa ta kama ƙafarta.

"Gwaggo, tun ina shekara biyar ban taɓa roƙonki komai ba..."

"Ƙarya kike, kin roƙi keke."

"Ban da keke. Gwaggo, ina son sa. Kwana huɗun nan da ya daina kula ni, abinci ƙasa yake zame min a baki. Ya yi zaton na ci amanarsa, amma bai zage ni ba, bai faɗa wa kowa ba, kayana ma da kansa ya kawo."

Gwaggo ta zauna tana haki. Isam ya miƙo mata ruwa, ta sha. Ta dubi ɗanta, ta daɗe tana dubansa. Ta dubi gadajen nan biyu ta ƙofar ɗaki da ke buɗe, da durowar da ke tsakaninsu, wadda kullum da safe take ganin sawun janta a kan tayil.

"Ba ni hannunki."

Ta zare zoben daga yatsan Tagwa, ta warware zaren a hankali har ya ƙare. Ba ta iya karatu ba, ba ta kuma leƙa cikinsa ba. Ta auna shi a tafin hannunta, sannan ta miƙa wa Isam ba tare da ta kalle shi ba.

"Ungo, ajiye. Kai ka san mazaunin komai a gidan nan."

Isam ya karɓa da hannu biyu.

"Kuma ka rage masa gishiri. Hawan jini ne ya kashe ubansa."

"To, Hajja," in ji Isam, da muryarsa ta gaskiya.

Babu wanda ya ƙara ko kalma a kan wannan, a ranar ko bayanta.

Gwaggo ta gyara zaman tobinta, mayafin matan Sudan, ta nuna Hadi da takalmin da ke hannunta har yanzu.

"Kai kuma zauna. Sunan ubanka, da na kakanka, da sana'arsu. Kuma a nan za ku zauna, ba Zariya ba. In ka yi min ƙarya zan gane, yau na ƙoshi da ita."

Awa biyu ta yi tana tatsarsa. Da ta sallame shi, Tagwa ta rako shi matakala. Suka tsaya a hawa na uku, inda ƙwan fitila ya mutu.

"Ka yafe min, habibi?"

"Kin bar ni kwana huɗu ina magana da fanka."

"Na rantse ne..."

"Na sani. Da na gane, sai na ji kunya ta kama ni. Na ce macen da ta yarda ta rasa ni don kada ta ba da ɗan'uwanta, ina zan sami irinta? Ni ma ina da abubuwan da ba na so a ji, Tagwa. Ina minshari. Ina tsoron kyankyaso."

"Wannan kam sai na faɗa wa Kwamiti."

"Wane kwamiti?"

"Na ƙwallon ƙafa. Za ka san su."

*

Ragon bai yi asara ba, sadaka aka yi da shi. Bayan wata biyu aka ɗaura auren Tagwa da Hadi a wani masallaci a Abbasiya, Munzir ne waliyyin amarya, hannunsa cikin na ango ƙarƙashin farin hankici, yana maimaita abin da ma'azun ke faɗa. Samah ba ta zo ba, ta aiko cewa ciwon kai take.

Kwamitin Ƙwallon Ƙafa kuwa ya zo gaba ɗayansa, mutum goma sha tara cikin manyan kaya, suka ƙawata zauren biki, suka yi wa dangin ango rawar da har yau ake labarinta a ɗakunan ɗalibai. Wani abokin Hadi ya tambayi ɗayansu lamba nawa yake bugawa, ya ce arba'in da biyu, ya ɗauka takalmi ake nufi.

Isam ne ya yi wa amarya kwalliya, kuma shi ya fi kowa kuka. Ya yi kuka da aka shigo da ita, ya yi da aka yanka kek, ya yi da aka kawo shinkafa. Matan Madani da ke teburin gaba suka fara zunɗe.

"Wayyo, bawan Allah. Ashe ita ce wadda aka yi wa baiko da wani."

"Ga kyau, ga sana'a, ga iya girki."

"Ai ba za mu bar shi haka ba."

Kafin a gama cin abinci uwaye uku sun kewaye shi, kowacce da hoton 'yarta a waya. Ya sulale da ƙyar, ya zo ya durƙusa gefen kujerar amarya kamar mai gyara mata lulluɓi.

"Ƙawata," ya raɗa mata, "ta tsakiyar nan ta ce gobe za ta zo da yarinyar har shago. Na ce mata ina da wadda nake nema. Ba ki da wata ƙawa mai hankali? Kwana uku kawai..."

Tagwa ta dafa hannun mijinta, ta yi wa mai hoto murmushi, ta amsa ta gefen baki.

"Akwai Samah. Ka gaishe ta."